Dennis Ritchie da yaren C: an yi wa bawan Allahn nan adalci kuwa?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ɗaya gare ni kuma don Allah kada kowa ya ruga Google. A watan Oktoban 2011 mutum biyu suka mutu a Amurka mako guda tsakaninsu, Steve Jobs ranar 5 ga wata, ɗayan kuma ranar 12 aka tarar da gawarsa a gidansa a New Jersey inda yake zaune shi kaɗai. Waye na biyun?

Sadiq Farm Centre: wslm oga Bashir, ni dai Jobs na sani, shi ne mai iPhone. na biyun sai dai ka fada mana

Auwal Ɗalibi: Dennis Ritchie ne, na san sunan ne kawai saboda ya fito mana a jarrabawa, wa ya ƙirƙiro C kuma a wace shekara, maki biyu 😂

Injiniya Bashir: To ka ga abin da ke ƙona min rai kenan Auwal. Maki biyu. Mutumin da ya ƙirƙiro C, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma shi da abokinsa Ken Thompson suka gina Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a wurinmu darajarsa maki biyu ce. Wayar da ke hannun kowannenku yanzu in Android ce zuciyarta Linux ce kuma da C aka rubuta Linux, in iPhone ce ita ma asalinta Unix ne, Windows ma da kuke ganin ba ruwanta zuciyarta yawanci C ce, yaren Python ɗin da yaranmu ke ta rawar kai a kai babban mai fassara ta da C aka rubuta shi. Amma da Jobs ya mutu duniya ta ɗauka har gidajen rediyon Hausa, shi kuwa wannan sai da tsohon abokin aikinsa Rob Pike ya rubuta a Google+ sannan mutane suka ji. Ni a ganina an zalunce shi.

Maman Ilham: Injiniya zalunci kalma ce babba fa. Wa ya zalunce shi? An ba shi kyautar Turing shi da Thompson a 1983 wadda babu ta sama da ita a fagen kwamfuta, Bill Clinton ya rataya musu lambar yabo ta fasaha a 1999, a shekarar da ya mutu ma Japan ta ba su babbar kyautarta. Waɗanda suka san aikin sun san shi. Don mai sayar da kati a bakin titi bai san shi ba ai ba zalunci ba ne, shi ma mai katin bai san wanda ya ƙirƙiro siminti ba.

Injiniya Bashir: Hajiya ba mai kati nake nufi ba, ɗalibanmu nake nufi, masu digiri a kimiyyar kwamfuta da ke liƙa hoton Jobs da Elon Musk a ɗakinsu

Sadiq Farm Centre: amma fa oga gsky Jobs ya yi kokari, mu da muke bude wayoyin nan kullum mun san bambancin aikin iPhone da sauran. shi wancan me ya kera da za ka rike a hannu ka ce ga shi?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na daɗe ban yi magana a nan ba amma wannan ta taɓo ni. Sadiq ɗana tambayarka mai kyau ce, bari in ba ka labarin yadda abin ya faro don in ba ka san halin da ake ciki kafin su ba ba za ka gane me suka yi ba.

An haifi Ritchie a 1941 a jihar New York, mahaifinsa ma ma'aikacin Bell Labs ne, wato sashen bincike na kamfanin tarho na AT&T, inda aka ƙirƙiro taransista a 1947. Ya yi Harvard ya karanta fiziks da lissafi, ya shiga Bell Labs a 1967. A lokacin suna cikin wani gagarumin aiki tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric mai suna Multics, babbar manhaja da za ta ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Aikin ya yi ta cin kuɗi yana jan ƙafa, a 1969 Bell Labs suka zare hannunsu. Su Thompson da Ritchie sun riga sun ɗanɗana daɗin ka zauna gaban na'ura ka buga ta amsa maka nan take, yanzu kuma a ce su koma huda kati su kai a jera musu layi su dawo daga baya karɓar sakamako, abin bai yi musu ba. Sun nemi a saya musu sabuwar kwamfuta shugabanni suka ƙi. Sai Thompson ya samo wata kwamfuta ƙirar PDP-7 da aka yi watsi da ita a wani sashe, matarsa ta tafi California da jaririnsu ganin dangi, cikin 'yan makonnin nan ya rubuta Unix ta farko.

Sadiq Farm Centre: wato sai da madam ta yi tafiya aiki ya yiwu 😂😂 Allah ya sa kar matan gidan nan su ji

Maman Ilham: Mun ji, kuma mun ji cewa ita ta tafi da goyon shi ya sa ya samu sukuni, Malam ci gaba

Malam Habu: Hajiya ta gama magana. To inda Ritchie ya shigo da ƙarfinsa shi ne nan. A zamanin yawancin babbar manhaja da asembili ake rubuta ta, yaren da ke manne da na'ura ɗaya tak. Ka shekara kana rubutu don PDP-7, ranar da aka kawo wata na'ura daban sai ka zubar ka faro daga farko. Thompson yana da wani ɗan ƙaramin yare mai suna B da ya tsamo daga BCPL na Martin Richards, amma B bai san bambancin harafi da lamba ba, komai a wurinsa abu ɗaya ne mai girma ɗaya, wannan kuwa bai dace da sabuwar PDP-11 da suka samu a 1970 ba. Ita ma PDP-11 ɗin sai da suka yi dabara, suka ce za su yi wa sashen rajistar ƙirƙira na kamfanin manhajar buga takardu, da haka aka saya. Ritchie ya ɗauki B ya sa masa nau'o'in bayanai, ya sa masa hanyar ɗaure bayanai daban-daban wuri guda, tsakanin 1971 da 1973 ya zama C. A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da C. Daga baya wajen 1977 zuwa 1978 shi da Steve Johnson suka ɗauke Unix suka ɗora ta a kan Interdata, na'urar da ba ta da dangantaka da PDP ko kaɗan, kuma ta yi aiki. Daga nan manhaja ta daina mutuwa tare da na'urarta. Sadiq shi ya sa Linux ɗaya ke gudana a Tecno ɗin da ke kan teburinka da kuma manyan sabobin Facebook.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara lafiya Malam. Kuma ku sani PDP-11 ɗin nan memorinta gaba ɗaya 24KB ne, sitika ɗaya ta WhatsApp tana iya fin haka. Su ne na farko a duniya da suka rubuta babbar manhaja da yare mai saukin karantawa

Zee Kaduna: Yaya Bashir a nan ka wuce gona da iri. Ba su ne na farko ba, Multics ɗin da suka baro ma da PL/I aka rubuta ta, kamfanin Burroughs kuma tun farkon shekarun 1960 ya yi tasa ba da asembili ba. Abin da suka yi daban shi ne nasu ƙarami ne, yana tafiya a na'ura mai araha, kuma yana ƙaura. Wannan ma ya isa abin yabo ba sai an ƙara gishiri ba.

Injiniya Bashir: To ina Multics da Burroughs ɗin yau ƙanwata? wanda ya rayu shi ake lissafawa

Zee Kaduna: Wannan wata magana ce daban, kai cewa ka yi na farko

Mushe Laouali Zinder: Salam 'yan uwa, ina biye da ku daga Damagaram. Ni abin da nake so in gane, kamfani ne fa mai neman riba, yaya aka yi ya bar abu mai daraja haka ya bazu a jami'o'i? Mu nan a lakkwal an koya mana C amma ba wanda ya taɓa ba mu wannan tarihi.

Malam Habu: Mushe barka da Damagaram. Ba alheri ba ne ya sa su, doka ce ta ɗaure musu hannu. Tun 1956 AT&T ta yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka saboda ta mamaye harkar tarho, aka hana ta shiga wasu sana'o'i ciki har da cinikin kwamfuta. Da Ritchie da Thompson suka wallafa maƙalarsu kan Unix a 1974 jami'o'i suka yi ta roƙo, kamfanin ba shi da ikon buɗe kasuwa da ita, sai ya riƙa ba su da lasisi a kuɗi kaɗan, kuma har da ainihin rubutun manhajar, ba tallafi ba garanti, in ta lalace ka gyara da kanka. To ɗalibai suka samu abin da ba su taɓa samu ba, su buɗe cikin babbar manhaja su karanta layi-layi. A jami'ar Berkeley suka yi ta ƙari har ta zama tasu Unix ɗin mai suna BSD. A Ostareliya wani malami John Lions ya rubuta sharhi a kan rubutun Unix ta shida don ɗalibansa, daga baya lauyoyin kamfanin suka hana yaɗa shi, sai ɗalibai suka koma hotokofi a ɓoye, kofin kofin kofi har rubutun ya dusashe.

Auwal Ɗalibi: ashe harkar handawut da hotokofi ba mu muka fara ba 😭

Injiniya Bashir: Kuma Sadiq ga amsarka kan Jobs. Da aka fitar da shi daga Apple a 1985 ya kafa NeXT, manhajar NeXT a kan BSD aka gina ta, Apple ta sayi NeXT ya dawo, wannan manhajar ce ta zama Mac OS X a 2001 ta zama ta iPhone a 2007. Kowa na yabon telan da ya ɗinka babbar riga ya zuba mata aiki a wuya, ba mai tambayar wanda ya saƙa yadin.

Maman Ilham: Amma ba mai zuwa ɗaurin aure da yadi a kafaɗa Injiniya. Unix ta yi shekara da shekaru a hannun masana kawai, baƙin allo da farin rubutu, kakata ba za ta iya taɓa shi ba, yanzu kuwa tana danna hoton jikanta ta kira shi. Wanda ya kawo wannan ma ya yi aiki. Ni abin da ban so shi ne sai an rushe wani kafin a ɗaga wani.

Zee Kaduna: Ni kuma bari in jefo tawa tunda kowa yabo yake. Aikina tsaron manhaja ne kuma wlh rabin ciwon kan da muke sha gadon C ne. C ba ya duba ko abin da kake zubawa ya fi wurin da ka tanada. Misali ka ware gurbin harafi 10 don sunan mutum, wani ya zo ya rubuta harafi 200, C ba zai ce uffan ba, zai rubuta 10 a gurbin sauran 190 ɗin ya bi ta kan duk abin da ke maƙwabtaka a memori yana gogewa, ciki har da adireshin da firogram zai koma in ya gama. Mai kutse da ya san hannunsa sai ya tsara rarar nan yadda adireshin zai nuna nasa umarnin, shi kenan na'urarka ta zama tasa. Da irin wannan tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta kama dubban kwamfutoci a 1988, ta wani aiki na C mai suna gets wanda ba ya tambayar tsawo sam, kuma sai a ƙa'idar 2011 aka cire shi daga yaren, shekara 23 bayan ɓarnar. Matsalar tsaro ta Heartbleed ta 2014 a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai a intanet, ita ma rashin duba tsawo ne, ka tambayi saba ta miƙo maka har 64KB na abin da ke memorinta, kalmomin sirri da komai. Microsoft da bakinsu a 2019 suka ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da suke toshewa duk shekara matsalar memori ce. To in za a lissafa gado a lissafa duka.

Injiniya Bashir: Haba Zee, laifin mai rubutu ne ba na yare ba, wanda ya iya ba ya wannan kuskuren

Zee Kaduna: Yaya masu rubuta OpenSSL da Windows da Chrome ba su iya ba kenan? Shekara 50 ƙwararrun duniya suna faɗawa rami ɗaya kai kana cewa ƙafarsu ce ba daidai ba

Malam Habu: Zainab 'yata kin faɗi gaskiya kuma ba na jin Ritchie da kansa zai musa miki, a maƙalar da ya rubuta kan tarihin C a 1993 shi da kansa ya kira yaren mai baƙin hali da aibi, sannan ya ce kuma ya yi gagarumar nasara. Amma ki sa kanki a 1972. Memori 24KB, duk duba tsawon da za ki ƙara yana cin wuri yana cin lokaci, in yaren ya yi nauyi ba wanda zai bar asembili ya dawo kansa, su Thompson ma ba za su yarda ba. Masu amfani da na'urar kuma 'yan ofis ɗaya ne da suka san juna suna cin abinci tare, babu intanet, babu wani yaro a wata nahiya da ke laluben ƙofarki da tsakar dare. Ya yi wa mutanen da ya yarda da su kayan aiki. Laifin da zan ɗora shi ne a kan waɗanda suka zo daga baya, na'urori suka yi ƙarfi sau dubbai, duniya ta haɗe, suka ci gaba da rubuta komai da C saboda sabo. Af, kuma shi yaron da ya saki tsutsar 1988, mahaifinsa Robert Morris tsohon ma'aikacin Bell Labs ne da ya yi aiki a kan tsaron kalmar sirri ta Unix ɗin kanta.

Sadiq Farm Centre: kai! dan gida ne ya fasa gidan kenan

Zee Kaduna: Na yarda da batun zamani Malam, ban ce mugunta ya yi ba. Amma yau ba 1972 ba ce, Linux kanta ta fara karɓar yaren Rust mai kare memori tun sigar 6.1 a ƙarshen 2022, fadar White House ta fitar da rahoto a 2024 tana cewa a koma yarukan da ke kare memori. Mu kuma a nan har yanzu da C ake yi wa yaro maraba a ajin farko, ya firgita ya tsani kodin gaba ɗaya.

Auwal Ɗalibi: Anti Zee kamar kin shiga zuciyata. Mu fa a takarda muka koyi C, malam ya rubuta a allo mu kwafa, ranar jarrabawa ka rubuta firogram da biro, in ka manta alamar nan ta ƙarshen layi a ja maka jan biro a cire maki. Ɗakin kwamfuta kuwa kullum a kulle, ko babu wuta ko babu man janareta ko mai makullin ya tafi, ranar da aka buɗe mu biyar a kan na'ura ɗaya, ɗaya na bugawa huɗu na leƙe. Foyinta kam har yau in na ga alamarsa ta tauraron nan (*) gabana faɗuwa yake. Ni ban ga amfaninsa ba gsky, Python nake koya da kaina a waya.

Malam Habu: Auwal abin da aka yi muku ba koyar da C ba ne, hadda ce. Ni ma ina koyarwa kuma na san halin da ake ciki, ba zan kare shi ba. Amma ka nemi littafin da Brian Kernighan da Ritchie suka rubuta a 1978, bugu na biyu 1988, bai kai shafi 300 ba, siriri ne. Darasin farko ba tarihi ba ma'anar kalmomi, cewa suke ka sa na'ura ta buga hello, world, ka gano yadda za ka rubuta ka harhaɗa ka gudanar, in ka iya wannan sauran mai sauƙi ne. Wato su kansu masu yaren sun ce da hannu a kan na'ura ake koyo. Foyinta kuma ba aljani ba ne, adireshi ne kawai, lambar gurbin da abu yake a memori. Python na ɓoye maka shi ne, ba wai babu shi ba. Ranar da firogram ɗinka na Python ya yi nauyi ka rasa dalili, wanda ya yi C zai gane cewa kwafe jerin nan kake ta yi ba ka sani ba.

Zee Kaduna: To a fara da Python a aji ɗaya, C ya zo a aji biyu ko uku lokacin da yaro ya riga ya ji daɗin abin, ni iyakar maganata kenan

Injiniya Bashir: Ni kuma na ce wanda ya fara da mai sauƙi ba ya dawowa mai wuya, na gani a yaran da muke ɗauka aiki

Ɗan Baiwa 001: ku kuna ta yabon turawa, ina Philip Emeagwali ɗan Najeriya uban intanet? shi ba za a yi maganarsa ba sai bature?

Maman Ilham: Ɗan Baiwa sannu da zuwa. Emeagwali ya ci kyautar Gordon Bell a 1989 kan lissafin rijiyoyin mai da ya gudanar a wata babbar kwamfuta mai dubban ƙwaƙwalwa, wannan gaskiya ne kuma abin alfahari ne. Amma intanet daga ARPANET ta faro a 1969, ƙa'idar TCP/IP kuma Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa ta a 1974. Ina koyar da yara a sakandare kuma duk shekara sai na warware wannan a aji. Ba mu buƙatar ƙara wa namu abin da bai yi ba.

Ɗan Baiwa 001: turawa ne suka rubuta tarihin ai

Admin: Ɗan Baiwa a buɗe wa wannan nasa zaren daban don Allah, a nan maganar Ritchie ake

Mushe Laouali Zinder: Malam Habu wata tambaya, na ga ana rubuta masa Dakta a wasu wurare wasu kuma ba sa sawa, ya yi dakta ne?

Malam Habu: Ya rubuta kundin a Harvard a 1968 ya kare shi, amma ba a taɓa ba shi digirin ba. Labarin da abokin karatunsa ya bayar shi ne ɗakin karatu na jami'ar ya ce sai ya kawo kofi mai bango da kuɗinsa, shi kuma ya ce in suna so su biya. Ya kama aikinsa a Bell Labs bai waiwaya ba. Kundin ya ɓace kusan shekara 50, sai a 2020 gidan tarihin kwamfuta da ke California ya fito da shi bayan an samo kofi.

Auwal Ɗalibi: saboda kuɗin bayindin?? 😭 mu da ake cewa kofi huɗu mai bangon kwali da rubutun zinare ko ba ka fita

Maman Ilham: Injiniya ka ji ko? Mutumin da ya bar dakta a kan tebur saboda bango, shi kake wa kukan ba a sa shi a jarida ba. Shekara 40 yana wuri ɗaya daga 1967 har ya yi ritaya a 2007, bai kafa kamfani ba bai hau dandamali yana tallar kansa ba, haruffa uku dmr su ne sunansa a wurin masu harkar. Ni ina ganin abin da ya nema ya samu.

Injiniya Bashir: Ko bai nema ba haƙƙinsa ne Hajiya. Don mutum ba ya son yabo ba shi ke nufin mu mu yi shiru ba. Kuma damuwata ba shi ba ne, ya riga ya tafi, damuwata yaranmu ne, duk wanda ka tambaya so yake ya zama mai kamfani ya tara biliyan, ba mai cewa ina so in zauna in gina abin da wasu za su yi gini a kai. In ba a nuna musu irin su Ritchie ba ina za su san ana yin haka?

Maman Ilham: Wannan kuma sai ka fara samo musu Bell Labs ɗin da zai biya su albashi shekara 40 suna bincike ba a tambaye su riba ba. Kuɗin tarhon Amurka gaba ɗaya ne ya riƙe gidan nan. Yaron da ke neman na data ba za ka ce masa kada ya yi tunanin kuɗi ba.

Sadiq Farm Centre: Hajiya ta kashe bakin 😂 wai har yanzu akwai Bell Labs din ma?

Zee Kaduna: Akwai, a hannun Nokia yake tun 2016

Sadiq Farm Centre: Nokia dai tamu mai tocila?? ikon Allah

Mushe Laouali Zinder: Sadiq kai da ba ka sa ƙugiya a rubutunka, kana rubuta kofa a wurin ƙofa, ka san 'yan gidan nan ne suka sa ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa daidai a wayoyinmu? Unicode ce ta ba kowane harafi lamba, amma hanyar ajiye lambobin da kusan duk shafukan intanet ke bi yau, UTF-8, Ken Thompson ne ya zana ta a 1992 a kan takardar shimfiɗar faranti a wani gidan abinci a New Jersey, Rob Pike na zaune tare da shi, suka fara sa ta a Plan 9, manhajar da suka yi bayan Unix. Harafin Turanci na cin bayit ɗaya, ƙ ɗinmu na cin biyu, kuma tsofaffin firogram na C ba sa rikicewa da su, da gangan aka tsara haka. Mu masu é da ç na Faransanci mun sha wahalar akwatuna da alamar tambaya a wurin haruffa kafin abin ya zama gama-gari.

Sadiq Farm Centre: mushe ni kibod dina ne ba shi da su, kuma kowa na ganewa ai

Injiniya Bashir: Ka ga ko Thompson ma ba a san shi ba, yana raye, ya je Google ya haɗu da Pike suka fito da yaren Go a 2009

Zee Kaduna: Kuma Go yana duba iyakar jeri yana kwashe shararsa ta memori da kansa. Wato abokin Ritchie na kusa ma da ya samu dama ta biyu bai maimaita abin C ba. Yaya Bashir ina jiran amsarka kan wannan 😌

Injiniya Bashir: Amsata ita ce kompailan Go na farko, wato mai fassara shi zuwa yaren na'ura, da C aka rubuta shi, sai an jima zan dawo, an kira sallah a nan

Auwal Ɗalibi: Malam Habu na sauke manhajar Termux a wayata na sa clang mai harhaɗa C kamar yadda wani ya nuna min, na rubuta hello world ɗin amma yana ta zubo min jan rubutu, wai bai san printf ba

Malam Habu: Turo hoton allon mu gani

Zee Kaduna: Ba sai ya turo ba Malam, Auwal duba layinka na farko, ka sa include ɗin stdio.h kuwa? kuma ka tabbata kibod ɗin wayar bai mayar maka da p ɗin babban harafi ba, yana yawan yin haka a farkon layi